Tambaya da Amsa: Awarata na dagargajewa, jari na raguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni marainiya ce, na koyi yin awara a cibiyar koyar da mata sana'a, gwaggona ta ba ni jarin waken suya kwano biyu. To amma wata rana sai ta dagargaje a cikin mai, wata rana ta yi tsami, ga jarin yana ta raguwa. Ina matsalar take? Daga ɗiyarku a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifa, ya sa albarka a neman.

Tsami daga jiƙo yake farawa. A lokacin zafi awa 5 zuwa 6 sun isa, da hunturu kuwa waken zai iya kwana a ruwa. Ki raba ƙwaya ɗaya biyu ki duba: in cikinta ya yi sumul babu rami a tsakiya, ya jiƙu. Da an markaɗo ki tace nan take, don markaɗen da ya daɗe a rana a layin inji ya fara lalacewa tun kafin ya hau wuta.

Kilo ɗaya na wake yana ɗaukar ruwa lita 8 zuwa 10. Ki ɗora ruwan madarar waken da kika tace a wuta, ki ɗiga manja kaɗan don kumfa ya kwanta, in ya tafasa ki bar shi kamar minti 10 gafin wake ya fita. Sannan ki rage wuta sosai.

Nan ne aikin yake, 'yarmu. Ruwan tsami, na gasara ne, ko na tsamiya, ko wanda kika tsiyaye daga awarar jiya ya kwana, ba a juye shi gaba ɗaya. Ludayi-ludayi ake zubawa, ana juyawa a hankali. Da kin ga madarar ta dunƙule ta taso, ruwan ya koma garai-garai mai ɗan rawaya, ki dakata. In har da sauran fari a ruwan, awara kike zubarwa. In tsamin ya yi yawa kuma sai awarar ta yi gautsi, aukinta ya ragu.

Ki kwashe da zafinta a ƙyalle, ki sa gishiri, attaruhu da albasa, ki ɗaure tam, ki danne da dutse na awa ɗaya. Wadda ba ta tsane ba, ko aka jefa ta a man da bai yi zafi ba, ita ce ke watsewa. Kada ki juya ta sai gefe ɗaya ya soyu.

Batun jari kuwa, kafin ki yanka ki lissafa kuɗin wake, markaɗe, itace, mai, kayan yaji da leda, ki raba da yawan yankan da waken ke ba ki, don ki san kuɗin da kowane yanka ya ci. Mu a ganinmu, mai da bashi ne suka fi cinye jarin masu farawa. Kullum da yamma ki fara ware kuɗin kayan gobe kafin ki taɓa ko sisi, adashi kuma daga riba ake zuba shi. Dusar waken ma ki shanya ta, masu kiwon awaki da tumaki suna saye.