Tambaya da Amsa: Gogen Turawa da Ke Ruri Kamar Jita

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya nuna mini wani bidiyo a waya, inda wasu Turawa masu dogon gashi suke goga wasu manyan goge da suka jingina a ƙirji, amma ƙarar da take fita sai ka ce jitar lantarki, kuma babu mai waƙa a cikinsu. Su waye waɗannan mutane, kuma shin abin kiɗan nasu yana da dangantaka da gogenmu? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa siffar da ka bayar, ina kyautata zaton ƙungiyar Apocalyptica ka gani, wadda ɗalibai huɗu na makarantar koyon kiɗa ta Sibelius suka kafa a Helsinki, babban birnin Finland, a shekarar 1993. Sunayensu Eicca Toppinen da Paavo Lötjönen da Max Lilja da Antero Manninen. Kiɗan gargajiyar Turai aka horar da su a kansa, amma ransu yana wajen kiɗan hebi metal, wato salon nan mai tsananin ƙara da saurin bugu wanda aka saba yi da jitar lantarki da ganguna. A 1996 suka fitar da faifansu na farko, Plays Metallica by Four Cellos, inda suka kaɗa waƙoƙin ƙungiyar Metallica ta Amurka ba tare da ganga ko muryar mutum ba. Ɗaya yana ɗaukar muryar mawaƙi da tsirkiyarsa, sauran kuma suna raba aikin jita a tsakaninsu.

Abin kiɗan sunansa celo, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya, domin tambayarka ta biyu ita ce mai daɗi. Tsayinsa ya kai kimanin ƙafa huɗu, jikinsa katako ne mai rami a ciki, yana da tsirkiya huɗu, a ƙasansa kuma akwai tsinin ƙarfe da ake kafawa a daɓe. Makaɗi yana zama ya saka shi tsakanin gwiwoyinsa, yatsun hagu suna danne tsirkiya, hannun dama yana jan sandar gogawa wadda aka ɗaure mata gashin wutsiyar doki. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya ga yadda yake shafa ƙaro a izga kafin ya fara, to haka ɗin mai celo yake yi, saboda gashin ya kama tsirkiya ya sa ta rawa. Ashe ke nan hikimar ɗaya ce, ko da yake gogenmu ƙwarya ne da aka rufe da fata, tsirkiyarsa ɗaya tak, muryarsa kuma siririya. Ni dai har gobe ina mamakin yadda marigayi Garba Liyo yake fitar da magana daga tsirkiya ɗaya, kuma a ƙasar Yarbawa ma Yusuf Olatunji ya yi suna da goge a kiɗan sakara.

Rurin da ka ji kuwa daga abu biyu yake. Tsirkiyoyin celo na ƙasa suna da kaurin murya sosai, idan aka danna sanda da ƙarfi aka yi ta gajerun gogawa da sauri, sai su yi gurnani. Sannan ana maƙala wa celon na'urar ɗaukar sauti, a haɗa ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai dagula murya irin ta masu jita.

Daga baya ƙungiyar ta sauya. Perttu Kivilaakso ya maye gurbin Manninen a 1999, suka koma tsara kiɗan kansu, suka ɗauki mai ganga, sannan suka riƙa gayyato mawaƙa, abin da a ganina ya ɗan rage wa celon fili. Faifansu na 2020, Cell-0, ya dawo babu waƙa ko ɗaya, kuma shi zan so ka saurara bayan na farkon. Idan kana son ganin celo ido da ido, ka kai yaron Cibiyar MUSON, wato zauren kiɗa na Ƙungiyar Kiɗa ta Najeriya da ke Onikan a Legas, ranar da makaɗanta suke wasa, ku nemi kujerar da ke kusa da masu celo, domin ya ga yadda hannayen suke aiki.