Amsa: ta ina ake gane tsohon teku a jikin dutsen farar ƙasa?

Malam, ka tambayi yadda za ka gane zurfin ruwan da dutsen ya kwanta ciki. A nan Damagaram duwatsunmu giranit ne, sai ka nufi Malbaza wajen Tawa, inda teku ya taɓa shimfiɗa farar ƙasa.

Ɗiga wa dutsen asid na haidurokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne. Ka ɗebi samfur daga kowane shimfiɗi, ka zana masa kibiya mai nuna gefen da ke sama, don in ka juya shi ka juya tarihin. A sirance shi zuwa mikiron 30 (mikiron dubu ne milimita ɗaya), a duba shi a madubin ƙara girma.

Laka zalla, ruwa kwance ne. Ƙwayoyi mulmulallu kamar gero, igiyar ruwa ce ta wanke su. Yawan miliyolid kuwa, wato wasu ƙananan halittun teku masu ƙwanso, na nuna gaɓa marar zurfi. Ka guji ɓawon da rana ta ci, ya ɓata burbushin halittun da ke ciki.