Me ya sa 2,147,483,647 ta yi suna?

Malam, ka tambaya ko akwai lambar da ke raba 2,147,483,647 ba saura, kuma me ya haɗa ta da kwamfuta.

Babu, sai 1 da ita kanta. Mara ce, tunda da 7 ta ƙare, don haka 2 ba ta raba ta. Uku ma ba ta raba ta, don in ka tara alƙalumanta 46 za ka samu, kuma 3 ba ta raba 46 ba saura. Amma wannan gwajin somin-taɓi ne. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar a 1772 cewa babu wata lambar da ke raba ta, da lissafin hannu, abin da har yau nake jinjina masa.

Asalinta, ka jera 2 guda 31 ka ninka su, sannan ka cire 1. Lambobi marasa rabuwa masu wannan siffa ana jingina su ga Mersenne, wani malamin Faransa, kuma lambar tamu ita ce ta takwas a jerinsu: 3, 7, 31, 127, haka dai. Sai dai a kula, siffar kaɗai ba ta isa ba: in aka ninka 2 guda 11 aka cire 1, za a samu 2,047, wato 23 sau 89.

A kwamfuta kuwa, ita ce lamba mafi girma da gurbi 32 ke ɗauka (kowane gurbi 0 ko 1 yake riƙewa) in an ware ɗaya don alamar da ke nuna ko lambar ta gaza sifili. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1970 za su kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu, 2038.