Giwaye sun cinye min gona: zan iya kai gwamnati kotu?

Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Ka ce tunda gwamnati ce ta hana a taɓa giwayen, to nata ne, dole ta biya ka dawar da suka tattake, in ba haka ba ka ɗana musu tarko.

Maganar "dole" ɗin nan ita ce matsalar. Mai shanu yana biyan ɓarna ne saboda dabbar tasa ce, a hannunsa take. Naman daji kuwa, a galibin fahimtar shari'a, kare shi da gwamnati ta yi bai sa ta zama mai shi ta wannan fuskar ba. Kafin kotu ta ba ka diyya, da alama sai ka nuna wani aiki takamaimai da doka ta ɗora wa hukumar da ke kula da gandun dajin, ta yi sakaci da shi, kuma sakacin ne ya jawo asarar. Misali an sanar da su a rubuce garken ya fito, suka yi biris. Ƙorafin baki a gindin bishiya ba ya zama hujja, kuma su ma sun san haka.

Tarko kuwa, ka cire shi daga ranka. Dokar dabbobin daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985, wadda aka gyara a 2016, suna kare irin waɗannan dabbobi, har mallakar hauren giwa kan jefa mutum cikin tuhuma. Kare rai wani abu ne daban, amma haushin gona da wuya ya wanke ka.

Ka tabbatar wa ke riƙe da gandun dajin da giwayen suka fito, don ka san wanda za ka kai ƙara. Misali, Yankari ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006, Gashaka Gumti kuwa ta tarayya ce. Sannan lokaci: dokar kare jami'an gwamnati kan ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, ko da yake akwai togaciya. Ko ka yi nasara, taɓa asusun gwamnati kan buƙaci yardar Antoni Janar.

Ni dai da sulhu zan fara. Ɗauki hotuna, malamin gona ya ƙiyasta asarar, ku haɗu da sauran manoman da abin ya shafa ku rubuta takarda ɗaya ta hannun hakimi zuwa shugaban gandun da ƙaramar hukuma. Ku nemi tallafi da ƙarin sintiri lokacin kaka, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In wata guda ya wuce shiru, ka ga lauya da takardun kafin wa'adin ya cika.