Na tura fim ɗin jirgin yaƙi a guruf, abokina ya ce na yi ridda

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni sana'ata tura fina-finai a waya a bakin kasuwa, kuma muna da guruf a WhatsApp na masu son fim ɗin Amurka, mun fi mutum ɗari. Satin da ya wuce na tura wani tsohon fim Under Siege, wanda 'yan ta'adda suka ƙwace jirgin ruwan yaƙi kuku ya ƙwato shi, na rubuta cewa duk wanda bai kalla ba an yi ba shi. To sai musu ya ɓarke, wasu suka ce fim ɗin ya tsufa kuma jarumin ko ƙwarzane ba a yi masa, wasu suka ce ai bos ɗin ya fi jarumin iya wasa, ni ma na ce bos ɗin gwarzo ne, wani ya ce koyar da ta'addanci ne kawai. Sai wani abokina da muke zuwa karatu tare ya ce duk wanda ya ji daɗi lokacin da sojan Amurka suka ƙwato jirgin to ya jiɓinci kafirai, ya sake shahada, don jirgin nan shi aka yaƙi Iraƙi da shi. Wallahi Malam tun ranar ban samu natsuwa ba. Akwai wani waje ɗaya da mace ta fito ba riga amma ni ina wuce shi. Ƙannena biyu 'yan sakandare suna cikin guruf ɗin, mun kalla tare da su har wajen ƙarfe biyu na dare. Shin imanina yana nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana ka kwantar da hankalinka, imaninka yana nan, ba ka yi ridda ba kuma ba wata shahada da za ka sake da sunan ka fita daga addini. Amma akwai laifi a cikin abin da ka yi, kuma ba inda kake dubawa yake ba, yana cikin layin nan da ka rubuta kamar ba komai: "ni ina wuce shi". Zan zo kansa.

Sai da na sa aka kawo min bayanin fim ɗin tukuna, don hukunci a kan abu reshe ne na sanin yadda abin yake. An yi shi a 1992, Steven Seagal ne ya fito a matsayin kukun jirgin wanda a da sojan ƙundumbala ne, Tommy Lee Jones kuma shi ne bos ɗin da kuke ta yabo. Maharan sun shigo jirgin ne a jirgi mai saukar ungulu da sunan makaɗa da masu raba abinci na bikin ranar haihuwar kyaftin, da haɗin bakin mataimakin kyaftin ɗin, suka kashe shi suka kulle sojoji, manufarsu su kwashe makamai masu linzami su loda a jirgin ƙarƙashin teku su sayar. Ka lura da wannan da kyau: ba musulmi ko ɗaya a cikin labarin. Shugaban maharan Ba'amurke ne, tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asirinsu ta CIA, abin da yake nema kuɗi ne, kuma a ƙarshe garin Honolulu ya harba wa makami, gari cike da mata da yara.

To abokinka ya gaya min, wane musulmi aka yaƙa a nan da har jin daɗin faɗuwarsa zai zama taimakon kafiri a kan musulmi? 'Yan fashi ne suka tashi hallaka gari aka tare su. Abin da suka yi shi ne hiraba da Allah ya yi maganarta a Suratul Ma'ida aya ta 33, ba addinin da ya yarda da ita, kuma zuciyar da ta ji sanyi don an kuɓutar da fararen hula zuciya ce mai lafiya.

Mu ma ɗauka ba fim ba ne, gaske ne. Farkon Suratur Rum me ya ce? Farisa masu bautar wuta sun ci Rumawa da yaƙi, mushrikan Makka suna murna musulmi suna baƙin ciki, sai Allah ya ba da labarin Rumawa za su yi nasara cikin 'yan shekaru, ya ce ranar nan muminai za su yi farin ciki. Rumawa fa kiristoci ne, kuma su ne daga baya musulmi suka gwabza da su a Mu'uta da Yarmuk. Sayyidina Abubakar har ya tsaya ya yi musu da Ƙuraishawa a kan lamarin kamar yadda Tirmizi ya kawo. Haka sahabban da suka yi hijira Habasha, Ummu Salama ta ba da labarin lokacin da wani ya taso zai ƙwace mulkin Najjashi, suka shiga damuwa sosai suna yi masa addu'a, Zubairu ɗan Awwam wanda shi ne ƙaraminsu ya hura salka ya ɗaura a ƙirji ya ƙetare kogi don ya gano yadda yaƙin zai ƙare, ya dawo yana kaɗa mayafinsa yana yi musu bushara, suka yi murna matuƙa. In abokinka ya ce ai Najjashi ya musulunta, to rundunarsa fa? Su ma sun musulunta ne?

Jiɓintar da take fitar da mutum daga musulunci ita ce ya so kafirci don kafircin, ko ya so addininsu ya rinjayi addinin Allah, ko ya shiga sahunsu a kan haka. Ƙasa da wannan akwai matakai, wani zunubi ne, wani ma halas ne kamar kyautatawa da adalcin da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta yi izini. Kuma dubi farkon surar nan ɗin dai. Haɗibu ɗan Abi Balta'a wasiƙa ya rubuta wa Ƙuraishawa yana tona sirrin tafiyar Manzon Allah (SAW) zuwa Makka, aka kamo matar da ta ɗauki wasiƙar a hanya, Sayyidina Umar ya nemi izini ya sare wuyansa, amma Annabi sai da ya tambaye shi me ya kai ka, ya ji uzurinsa ya gaskata shi, ayar ma da ta sauka da "ya ku waɗanda suka yi imani" ta fara. Wanda ya tona sirrin runduna sai da aka tambaye shi, kai da ka tafa wa fim a ɗaki an yanke maka hukunci ta waya ba tambaya?

Maganar jirgin kuwa, a nan abokinka yana da ɗan gaskiya kuma ba zan hana shi ita ba. Jirgin da aka gina labarin a kansa, Missouri, jirgi ne na gaske. A kansa Japan ta sa hannu kan miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, a yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya yi luguden wuta da makamai masu linzami da manyan bindigoginsa a kan sojan Iraƙi, a 1992 aka yi masa ritaya, yanzu yana Pearl Harbor a Hawai an mai da shi gidan tarihi. Kuma gaskiya ne irin waɗannan fina-finai suna wanke sojan Amurka a idon duniya, yaro ya tashi yana ganin su kaɗai ne jarumai su kaɗai ke ceton mutane, ba a nuna masa gidajen da aka rusa a Bagadaza. Da abokinka cewa ya yi ku kalla da ido biyu, da na yaba masa. Amma shi wannan yaƙin kansa, Saddam ne ya mamaye Kuwait a 1990, Saudiyya da Masar da Siriya suna cikin rundunar ƙawance, har Nijar maƙwabciyarmu ta tura sojoji, manyan malamai sun yi saɓani mai zafi a kan neman taimakon Amurka, Shaikh Bin Baz ya halatta Shaikh Albani bai yarda ba, kuma ba wanda ya kafirta wani a cikinsu. Abin da waɗannan suka yi saɓani a kan ainihinsa ba tare da kafirtawa ba, shi ne ɗalibi zai kafirta mutum ɗari a kan wasan kwaikwayonsa?

Wannan saurin kafirtawa tsohon ciwo ne a ƙasar nan, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sha fama da ɗaliban da ke kafirta talakawa ya yi ta rubutu yana mayar musu da martani, a cikin Ashafa ma da muke karantawa kullum Alƙali Iyal ya kawo cewa kuskuren ƙyale kafiri dubu ya fi sauƙi a kan kuskuren zubar da jinin musulmi ɗaya. Mu kuma mun gani da idonmu inda wannan hanya take kaiwa, da baki ake fara ta. Hadisin wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri kalmar ta koma kan ɗayansu, abokinka ya san shi. Ka nuna masa wannan amsa kai da shi ku biyu, kar ka watsa a guruf don ka kunyata shi, yaro ne mai kishi da karatu bai gama ratsa shi ba, in aka tozarta shi sai ya ƙara taurin kai ya tafi wajen waɗanda za su ƙara masa.

Wanda ya ce koyar da ta'addanci ne, bai kai nan ba, ba wanda zai koyi ƙwace jirgin yaƙi daga fim. Kallon wasan yaƙi a kan kansa ba laifi, Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Amma kalmar gwarzo da ka yi wa bos ɗin ka janye ta. Ka ce ya iya wasa, wannan yabon sana'arsa ne. Gwarzo kuwa yabon halinsa ne, mutumin da ya yi yaudara ya kashe ya yi garkuwa da mutane don kuɗi, a ƙasar da ake ɗauke mutane a hanya da gonaki ana neman kuɗin fansa, ƙila ma a cikin guruf ɗin naku akwai wanda aka taɓa ɗauke wa ɗan'uwa. Ƙannenka suna jin wa kake kira gwarzo.

Yanzu ga inda hukuncin ya juya. Da tambayarka ita ce na kalla ni kaɗai na tsallake wajen, da sai in ce ka kiyaye lokacinka da sallarka shi ke nan. Amma kai turawa ka yi, cikakke ba ka yanke ba, ga mutum fiye da ɗari, ka kuma zuga su. Matar nan da ta fito daga cikin kek ƙirji a buɗe, haramcin kallonta ba mai jayayya, ba sai na ja aya ba. Kai kana wucewa don ka san inda take. Su fa? Yatsanka ba ya kan wayoyinsu. Ƙannenka da kuka kalla tare ka wuce musu, fim ɗin yana nan cikin wayarsu bayan ka yi barci, kuma sun ga daidai inda ka wuce. A Amurka ɗin ma an sa masa alamar na manya ne, ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sai da babba. Don haka tura shi a yadda yake haramun ne, kuma kana da kamasho a zunubin duk wanda ya kalli wajen ta dalilinka ba tare da an rage nasa ba, hadisin yana cikin Muslim. Wannan shi ya kamata ya hana ka barci, kuma shi ma ƙofar tubansa a buɗe take.

Ka goge shi daga guruf in har zai gogu, in lokacin gogewa ya wuce ka roƙi mutane su goge ka ce akwai abin da bai dace ba a ciki ka yi kuskure. Amma don Allah kar ka siffanta wajen kuma kar ka faɗi a minti na nawa yake, da yawa sukan zo gargaɗi sai ya zama talla. Na ƙannenka kuwa da hannunka za ka goge, cikin laushi ba faɗa, ka gaya musu laifinka ne ba nasu ba. Sai ka yi istigfari. In ka yanke wajen gaba ɗaya, da duk inda tsiraici ya bayyana, abin da ya rage ya koma hukuncin sauran abin shagala, ga babba ba zan ce haramun ba, ga yara kuwa ban so, kisan da ke ciki ya yi muni, akwai na wuƙa da ba a so yaro ya saba ganinsa.

Kuma tunda sana'arka ce dole in faɗa maka, wannan hukunci bai tsaya kan fim ɗaya ba. Duk abin da ke cikin kwamfutarka da kake loda wa mutane kana karɓar kuɗi, kuɗin yana bin hukuncin abin da ka tura. Ban ce ka rufe shago ba, na san da ita kake ci kake taimakon gida, amma ka zauna ka tace kayanka ko da zai ɗauke ka wata guda, wanda zai yanku ka yanke, wanda ba zai gyaru ba ka goge ko da shi aka fi nema, yaro kuma in ya zo da waya kar ka tura masa abin da ba za ka tura wa ƙanenka ba. Za ka rasa wasu kwastomomi, wannan ba makawa.

Sannan ba ka tambaye ni ba amma na gani: ƙarfe biyu na dare, da 'yan makaranta. Asuba fa, kun same ta a jam'i? In ta kuɓuce muku to wannan ya fi duk musun da kuka yi a guruf nauyi, kuma kai ne babba a ɗakin. Ka sa wa kanka doka, kallo ya ƙare da wuri, wayoyin yaran nan su kwana a wajenka ko wajen mahaifiyarku. Karatun da kuke zuwa kai da abokin naka kuma kar ka daina saboda abin da ya faru, ku je tare ku tambayi malaminku babin ridda da sharuɗɗansa ya karanta muku daga littafi.

Allah ne mafi sani.