Shin "orange wine" ruwan lemu ne?

Tambaya: Malama, ni ɗalibi ne a Tibilisi, ƙasar Jojiya, ina taɓa aiki a wani gidan abinci da yamma. Baƙi kan tambaye ni wane abinci ya dace da abin da suke kira "orange wine". Wani abokin aikina ya ce ruwan lemu ne da aka tsima kaɗan, ba ya bugarwa, har ya zuba min in ɗanɗana. Ban sha ba, amma raina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗana, gara da ba ka sha ba. Giya ce. Babu ko ɗigon lemu a cikinta, kuma barasarta kan kai kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, daidai da sauran giyar inabi. Launinta na ruwan goro ne ya jawo mata sunan, wanda wani ɗan kasuwar giya a Ingila, David Harvey, ya raɗa mata a 2004. Su mutanen Jojiya da launin dutsen ambar suke kwatanta ta.

Da farin inabi ake yin ta, irin su Rkatsiteli da Mtsvane na yankin Kakheti. Maimakon a tace ruwan nan take, sai a bar shi da ɓawonsa da ƙwallayensa ya tsimu, wani kwanaki, wani har wata shida, a cikin ƙatuwar randa da aka binne a ƙasa, wadda suke kira kwebri. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya a 2013, kuma an tono tukwane masu alamar giya a ƙasar da suka kai shekara 8,000. A Italiya, Josko Gravner na yankin Friuli ya je Jojiya a 2000, ya dawo ya koma amfani da randunan.

Batun abinci ba shi da wuya. Ɓawon nan yana ba ta bauri, irin na goro ko shayin da aka manta a buta, don haka masu shanta kan haɗa ta da abinci mai maiƙo da ƙarfin ɗanɗano: gasasshen nama, cuku wanda ya daɗe, kacapuri (burodi mai cuku a ciki), gautan Turawa da aka naɗe da niƙaƙƙen gyaɗar walnat, kazar satsibi (wadda ake yi da miyar walnat), da abinci mai kori. Farin kifi marar haɗi kuwa danne shi take yi. Ba a sanyaya ta sosai, digiri 12 zuwa 14 ya isa, in ta yi sanyi ƙarara sai baurin ya fito fili.

To, koma kan abokin naka, don wannan magana ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta: wai ta gargajiya ce, a randa aka yi ta, ba a sa mata sinadari ba, saboda haka ba ta da illa. Ina ruwan randa da maye? Burkutu ma a tukunya ake dafa ta. Da zarar yis ya cinye sukarin inabi, barasa ce ke fitowa, ko a tulu ko a tankin ƙarfe. Masu talla a Instagram su ɗauko kofi mai launin lemu, su ajiye yankakken lemu a gefensa, yarinya mai juna biyu ta gani ta zaci abin gina jiki ne. Mai shan Flagyl da likita ya hana shi barasa ya kurɓa, ya kwana yana amai. Direba ya sha kofi biyu ya hau titi yana rantsuwar bai taɓa giya ba. Ko wata mai irin wannan suna da ake yi a Huelba ta ƙasar Sifen, da ake jiƙa ɓawon lemu a ciki da gaske, ita ma giya ce, wani lokaci ma ta fi wannan ƙarfi.

Hukuncin yin aiki a inda ake sayar da ita, wannan na malaman addini ne, ka nemi wanda ka yarda da shi. Nawa shi ne: juya kwalbar, ka nuna wa abokinka lambar da ke jikin takardar tare da alamar kashi. In baƙo ya ce ba ya shan giya, kada ka kawo masa ita, ka kawo masa ruwan kwalba na Borjomi ko lemun taragon nan kore da ake sha a ko'ina a Tibilisi.