An taɓa samun zakaran duniya a tseren babur da na mota duka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani ya ce duk gwanin tseren babur, in aka ba shi motar tsere ma sai ya yi zarra. Shin an taɓa samun wanda ya ci kofin duniya a duka biyun? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. An samu, Malam, amma mutum ɗaya ne tak har yau: John Surtees, ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1934 ya rasu a 2017.

A cikin gareji ya tashi. Mahaifinsa dillalin babura ne kuma ɗan tsere, shi kuwa yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon aiki a masana'antar babura ta Vincent. Wato kafin ya zama direba, bakanike ne. A 1956 kamfanin MV Agusta na Italiya ya ɗauke shi, a shekarar kuma ya ci kofin duniya na manyan babura masu inji 500cc. Daga 1958 zuwa 1960 ya haɗa da na 350cc yana lashewa duk shekara. Kofuna bakwai ke nan.

Komawarsa mota ma da dalili. Mai kamfanin ya hana shi hawan baburan wasu kamfanoni a ƙananan gasanni, shi kuma ba mai son zama ba ne, sai ya fara gwada mota a ranakun da ba shi da tsere. A 1960, a tserensa na biyu kacal a Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, ya zo na biyu a filin tseren Silverstone na Ingila da motar Lotus.

Ferrari ta ɗauke shi a 1963, shekara ta zagayo ya ci kofin, amma da ƙyar da jiɓin goshi. Tseren ƙarshe a Meziko aka yi, mutum uku na neman kofin: shi da Graham Hill da Jim Clark. Motar Hill ta samu matsala bayan ta yi karo da ta Lorenzo Bandini, abokin aikin Surtees a Ferrari. Clark na gaba har dab da ƙarshe, sai baƙin mai ya tsiyaye, injinsa ya cije a zagayen ƙarshe. Nan Bandini ya sassauta ya bar Surtees ya wuce zuwa na biyu. Surtees ya tashi da maki 40, Hill 39. A gaskiya Hill ya tara 41, sai dai dokar lokacin sakamako shida mafi kyau kawai take ƙirgawa. Masu cewa da sa'a a ciki ba su yi ƙarya ba, amma ai sai da ya ci tseren Jamus da na Italiya a shekarar kafin sa'ar ta same shi a kusa.

To, abokin gardamarku bai yi daidai ba. Mai babur da jikinsa yake shan kwana, yana kwantar da babur yana sauya nauyi. Direban mota a zaune yake daram, tayoyi huɗu, birkinsa kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka inda zai taka birki da layin da zai bi duk sun bambanta. A ganina abin da ya tsallakar da Surtees shi ne sanin inji: yana iya faɗa wa injiniyoyi takamaiman abin da ke damun mota. Ba ya kuma ɓoye ra'ayinsa. A 1966 ya samu saɓani da manajan Ferrari, Eugenio Dragoni, ya fice a tsakiyar kakar wasa, duk da haka ya gama a matsayi na biyu da motar Cooper. A 1967 ya ci wa Honda tseren Monza a Italiya.

Dubi waɗanda suka gwada bayansa. Mike Hailwood yana da kofunan babur tara, amma bai ci tseren gasar Formula 1 ko ɗaya ba. Valentino Rossi ya yi gwaji da motar Ferrari, aka yaba masa, ya ci gaba da babur ɗinsa. Yanzu kuwa direbobin Formula 1 tun suna yara ƙanana suke farawa da ƙananan motocin tsere, don haka wanda ya shigo yana ɗan shekara 26 kamar Surtees zai tarar an yi masa nisa.